Miji da mata da 'ya'ya biyu, albashi ɗaya: shin kuɗin ƙaura zuwa ƙetare zai fito?

Shin magidancin da albashinsa bai wuce naira dubu ɗari biyu ko uku a wata ba zai iya kwasar matarsa da 'ya'yansa biyu ya koma Ingila ko Kanada ko Saudiyya da zama? Tambayar ta daɗe tana yawo a kudancin Najeriya, inda ake kiran abin japa, amma yanzu ta shigo majalisun matasa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos. Malaman jinya na yin ta, malaman jami'a na yin ta, har ma'aikatan banki. Da zarar wani ya saka hotonsa a Facebook sanye da rigar sanyi yana tsaye cikin ƙanƙara, sai lissafi ya tashi a zukatan abokansa: in dai wane ya iya, ni me zai hana ni?

Amsoshin da aka fi ji guda biyu ne, kuma kowacce da gyara. Wasu na cewa kuɗin jirgi da na biza kawai za ka nema, in ka sauka aiki zai biya sauran. Wasu kuma na cewa tafiyar ta 'ya'yan masu hali ce, talaka ya cire rai. Abin da alƙaluma ke nunawa shi ne ƙasashen nan ma'aikaci suke nema. Matarsa da 'ya'yansa kaya ne a wurinsu, kuma a 'yan shekarun nan sun gyara dokokinsu ta yadda duk ran da za ka ƙara a kan naka sai ka biya masa kuɗi mai nauyi, da kuɗin ƙasarsu, tun ƙafarka ba ta bar gida ba.

Wace irin tafiya ake magana a kai?

Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Zangon Kumasi da unguwar Nima a Accra shaida ne, haka garin Mai Wurno na Sudan, wanda waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa a gaɓar kogin Nilu. A wancan zamani iyali kan tashi da ɗan guzurinsu, su yada zango a wani gari, a yi noma ko sana'a na shekara guda, a tara abin da za a ci gaba da shi. Hanya ce ke ciyar da matafiyi. Yau sai ka fara nuna kana da abin da za ka ci kafin a ba ka izinin zuwa neman abinci.

Ƙofofin da ake bi a yau huɗu ne, kuma ruɗanin mutane daga haɗa su wuri ɗaya yake farawa. Akwai bizar ziyara, wadda ba ta ba da izinin aiki ko zama. Wanda ya shiga da ita ya maƙale ya zama ɓoyayyen baƙo, ba shi da bakin kai ƙara ko an cuce shi. Akwai bizar karatu, wadda kai ne za ka biya su. Akwai bizar aiki, wadda ke rataye a wuyan kamfani ko asibitin da ya ɗauke ka. Sai izinin zama na dindindin, irin wanda Kanada ke bayarwa tun daga gida ga wanda ya ci makinta. Cacar bizar Amurka da ake yawan ambata ba ta cikin lissafin ɗan Najeriya, domin an cire ƙasar daga cikinta sama da shekara goma da suka wuce.

Abin da ya sauya daga 2023

Wanda ya tafi a 2021 ko 2022 in ya ba ka labarin yadda ya yi, gaskiya ya faɗa, sai dai hanyar da ya bi an toshe ta. Abubuwa biyu ne suka faɗo a lokaci guda.

Na farko naira. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, kuma mai biyan kuɗin makaranta a waje kan cike takarda a banki a sayar masa a wannan farashi. Da gwamnatin Tinubu ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, fam ɗin Ingila kuma ya doshi naira 2,000. Wanda ya tara miliyan goma yana ganin ya kusa, ya wayi gari kuɗin bai kai rabin abin da ake nema ba. Albashi kuwa bai bi sawu ba: mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato fam 35 ke nan a wata. Waɗanda suka riga suka tafi ma abin bai bar su ba. A watan Mayun 2024 aka yi ta labarin wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar daga karatu, aka kai sunayensu ma'aikatar cikin gidan Birtaniya, saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci.

Na biyu, ƙasashen da kansu suka ja ƙofa. A 2022 'yan Najeriya ne suka fi kowa kai iyali Birtaniya ta hanyar bizar karatu. Mata da maza da yaran da suka bi ɗalibai a shekarar sun haura dubu 60. Dabarar a lokacin sananniya ce: ɗaya ya yi rajistar digiri na biyu na shekara guda, ɗayan ya bi shi ya yi aiki cikakke ya riƙe gida. Daga Janairun 2024 aka hana ɗalibin irin wannan digiri tafiya da iyali, sai mai digirin bincike, kamar digiri na uku, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. A Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kai iyalansu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje gaba ɗaya. Waɗannan biyun su ne ƙofofin da mai ƙaramin ƙarfi ya fi bi.

Lissafin Ingila, tun kafin a hau jirgi

Mu ɗauki iyali mai mutum huɗu, maigida ya samu aiki, an ba shi bizar ƙwararren ma'aikaci ta shekara uku. Samun aikin kansa ba wasa ba ne, domin albashin da doka ta ce sai an biya shi ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa zuwa 41,700 a Yulin 2025, ko da yake akwai sassauci ga wasu ayyuka da sababbin kammala karatu. Amma a ce ya samu.

A farashin 2025 kuɗin biza fam 769 ne ga kowane mutum, har jariri. Mutum huɗu, fam 3,076. Wannan ƙarami ne a kan harajin lafiya, wanda ake biya domin a samu damar zuwa asibitocin gwamnati na NHS. Babba fam 1,035 a shekara, yaro fam 776, kuma na dukan shekarun bizar ake karɓa a dunƙule ranar da aka cike takarda. Manya biyu a shekara uku fam 6,210, yara biyu fam 4,656, jimla 10,866. In aka haɗa da kuɗin biza an doshi fam 14,000, wato wajen naira miliyan 28 in fam yana naira 2,000. Mai albashin dubu 300, ko da zai daina ci da sha da biyan haya, sai ya kusa shekara takwas kafin ya tara wannan.

Ba a sa kuɗin jirgin mutum huɗu ba. Ba a sa fasfo ba, wanda tun Satumban 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000. Ba a sa jarrabawar Turanci ta IELTS da gwajin tarin fuka ba. Akwai kuma kuɗin da ba a karɓa amma sai an gani a asusunka kwana 28 a jere: fam 1,270 na maigida, 285 na mata, 315 na ɗan fari, 200 na kowane yaro bayansa, sai fa in wurin aikin ya tsaya maka.

Ya kamata mai lissafi ya rarrabe kuɗin nan. In aka hana biza ana mayar da harajin lafiya, amma kuɗin biza da na jarrabawa da na gwaji sun tafi ke nan. Wanda ya sayar da gona don biyan su, gonar ba ta dawowa ko biza ta fito ko ba ta fito ba.

Hanyar karatu ta fi wannan tsada, ga shi kuma babu iyali. Kuɗin digiri na biyu yakan kama daga fam dubu goma sha wani abu zuwa sama da dubu ashirin. Sannan a farkon 2025 ana so ɗalibin da zai zauna wajen Landan ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara, sama da fam dubu goma ke nan, kuma adadin hawa yake yi. Aikin da aka yarje masa awa 20 ne a mako lokacin karatu. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne bizar neman aiki da ake bayarwa bayan kammalawa ita ma ba ta ba shi damar ɗauko matar da ya bari a gida. Sai ya samu aikin da ya kai wancan albashi na ƙwararru. Saboda haka mai cewa "shekara ɗaya ce kawai, zan aiko ku taho" yana iya yin uku bai cika alkawari ba, ba don ya yi niyyar ƙarya ba.

Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe ga mai matsakaicin samu, ita ce ta ma'aikatan lafiya masu rajista: likitoci, malaman jinya, ungozoma da makamantansu. Su kuɗin bizarsu a farashin 2025 fam 304 ne ga kowane mutum, kuma an yafe musu harajin lafiya, su da iyalansu. Iyalin da zai biya fam 14,000 ta waccan hanya, ta nan fam 1,216 zai biya. Wahalarsu tana wajen jarrabawa: malamar jinya sai ta ci ta Turanci, ta ci ta kwamfuta a gida, ta je can ta ci ta gwajin aiki kafin a yi mata rajista, likita kuma yana da jarrabawar samun lasisi ta PLAB a gabansa. Wani abin lura, Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a nan. Mutum na iya nema da kansa kai tsaye. Duk dillalin da ya ce shi ke ɗaukar wa NHS malaman jinya a Kano ko Abuja, a tsaya a dube shi da kyau.

Bayan an sauka: ina albashin ke tafiya?

A nan ne juya fam zuwa naira ke yaudarar mutane. A 2025 sabuwar malamar jinya a NHS na farawa da kimanin fam 31,000 a shekara. In ka buga a naira sai ka ga miliyan 62, kai ya yi nauyi. Amma bayan an cire harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 12,570, an cire na inshorar ƙasa da na fansho, abin da ke shiga hannu bai fi fam 2,000 a wata ba.

A 2025 matsakaicin kuɗin haya a ƙasar ya kai wajen fam 1,300 a wata, a Landan kuwa ya haura 2,000. Garuruwan arewacin Ingila sun fi sauƙi, amma gida mai ɗaki biyu ko a can yakan cinye kusan rabin wancan albashi. Kafin a ba ka makulli za ka ajiye kuɗin jingina da ya kai na mako biyar, da hayar watan farko, kuma masu gida na ɗari-ɗari da baƙon da ba shi da tarihin biyan haya a ƙasar. Gwauro zai kama ɗaki ɗaya a gidan haɗaka ya lallaɓa. Mai mata da yara biyu ba za a ba shi ba. Sai harajin ƙaramar hukuma, da wuta, da gas na ɗumama gida, wanda a hunturu ba abin da za a ce a yi haƙuri ba ne in akwai jariri.

Abin da ya fi karya lissafin iyalai matasa shi ne reno. A gida ba a sa shi a kasafi, saboda akwai kaka, akwai ƙanwar miji, akwai maƙwabciya da za a miƙa wa yaro ta katanga. A can yaron da bai kai shekara biyu ba, in za a kai shi gidan reno kullum daga safe zuwa yamma, kuɗin kan wuce fam 1,000 a wata. A jikin bizar aiki kuma an rubuta cewa mai ita ba shi da haƙƙi a tallafin gwamnati, don haka kuɗin yara da ake ba 'yan ƙasa da yawancin taimakon reno ba su shafe shi ba. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yaron da ya isa shiga, wannan kam sauƙi ne babba. Amma iyali matasa, ai yaransu ba su isa ba tukuna.

Sai a shiga tsaka mai wuya. Albashi ɗaya ba ya isa, in kuma duka biyun za su fita aiki kuɗin reno ya cinye na ɗayan. Mafitar da akasari ake bi ita ce ɗaya ya yi aikin dare, ɗaya na rana, a riƙa haɗuwa a bakin ƙofa ana miƙa yaro. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida kuwa na iya jawo jami'an kula da walwalar yara, kuma ba a wasa da su. Duk wannan ana yi, waya na ta ƙara daga gida: kuɗin maganin Baba, kuɗin makarantar ƙanne, gudummawar biki, ragon layya. Wanda ke gida naira yake gani, ba zai yarda cewa mai karɓar miliyan huɗu a wata ba shi da rarar dubu ɗari ba.

Kanada: kuɗin a gani ne, amma sai naka

Tsarin Kanada ya fi dacewa da iyali, domin wanda ya samu izinin zama na dindindin ta Express Entry, wato tsarin zaɓen ƙwararrun ma'aikata da maki, yana sauka ne da matarsa da 'ya'yansa a matsayin mazauna. Kowa na iya aiki inda ya samu, yara na shiga makaranta, kuma akwai tallafin yara na wata-wata. Gwamnati ba ta karɓar kuɗi mai yawa irin na Birtaniya. Abin da take so shi ne ta ga guzurinka. A 2025 iyali mai mutum huɗu sai ya nuna dalar Kanada sama da 28,000, wato wajen naira miliyan 30, kuma ko da kai kaɗai za ka fara tafiya da kan iyalinka duka ake lissafi. Ba a yarda da kuɗin aro ba. Takardar banki sai ta nuna yadda asusun ya kasance wata shida baya, saboda haka miliyan talatin da suka faɗo jiya da daddare tambaya za su jawo.

Kafin a kai nan ma sai an ci maki. Ana duba shekaru, ilimi, ƙwarewar harshe da shekarun aiki. Mai shekara 20 zuwa 29 ne ke samun cikakken makin shekaru, daga 30 ya fara zubewa. Ga inda abin ke cizo: lokacin da magidanci zai tara miliyan talatin, makin shekarunsa ya ragu. Ƙasar ta kuma rage yawan waɗanda take karɓa, daga 485,000 a 2024 zuwa 395,000 a 2025. Waɗanda ke da wata dama ta daban su ne masu Faransanci, domin tun 2023 ake ware musu zaɓe na musamman da maki mai sauƙi. Malamin makaranta a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa da ya iya Faransanci sosai yana iya riga takwaransa na Kano shiga, in ya samu guzurin.

Ta ɓangaren karatu Kanada ma ta ƙara tsauri. Kuɗin zaman da ɗalibi zai nuna ya tashi daga dala 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024, an sa iyaka a yawan ɗalibai, izinin aikin mata ko mijin ɗalibi kuma an taƙaita shi ga masu manyan digiri. Sannan takardar shaidarka ba ta bin ka kai tsaye. Likita ko injiniya ko lauya kan yi shekaru yana neman lasisi, yana aikin sito ko tuƙi kafin nan.

Saudiyya fa?

Ita ce ta fi kusa da zuciyar mutanenmu, kuma ita ce mafi sauƙin shiga ga mutum ɗaya. Ga iyali kuwa labarin daban ne. Zama a can da iƙama ake yi, wato takardar izinin zama, iƙama kuma a hannun kafili take, wato wanda ya ɗauke ka aiki. Direban gida da 'yar aikatau da lebura ba a ba su izinin ɗauko iyali. Wannan dama ta masu manyan ayyuka ce irin likitoci da injiniyoyi da malamai. Ma'aikacin kamfani da aka ba izinin, tun 2017 ake karɓar haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, wanda ya fara daga riyal 100 a wata ya kai riyal 400 a 2020. Mata da yara biyu riyal 1,200 ke nan duk wata, ban da haya da makaranta. Kuma ko shekara talatin ka yi, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare. Masu shiga da bizar Umara su maƙale kuwa, 'ya'yansu kan tashi ba takarda ba makaranta, ƙarshenta a kwashe su zuwa Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a kora, a sako su a jirgi.

Wa suke kira iyali?

Wannan ba a cika tattauna shi ba, alhali ya fi shafar mu fiye da mutanen kudu. A wurin jami'in biza iyali shi ne miji ɗaya, mata ɗaya, da 'ya'yansu ƙanana. Mai mata biyu ɗaya kawai zai iya ɗauka zuwa Birtaniya ko Kanada. Ɗan riƙo, ko maraya ɗan wa da ka raina tun yana goye, ba ya shiga lissafi sai da hukuncin kotu da suka amince da shi. Mahaifiya tsohuwa da ke ɗakinta a gidanka, kai ta Birtaniya da zama abu ne da kusan ba ya yiwuwa.

Sai takardu. Aurenmu da yawa an ɗaura shi a masallaci ko a zaure, da waliyyai da shaidu da goro, ba wanda ya rubuta komai. Dole a nemo takardar aure, a kuma karɓo ta haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya, kuma sunaye da ranakun haihuwa su dace da na fasfo da na lambar NIN. Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a ta makaranta: irin wannan ƙaramin abu kan tsayar da tafiyar da aka kashe wa miliyoyi.

Dillalai da kuɗin haya

Inda duk ƙofa ta ƙuntata, dillali ke samun kasuwa. Akwai masu zuba maka kuɗi a asusu na wata ɗaya ka biya su lada, a nuna wa ofishin jakadanci, su kwashe abinsu. Ko an tsallake, an sauka ke nan ba guzuri, alhali don watannin farko aka ce a tanade shi. In kuma aka gano, Birtaniya na iya hana mutum shiga har shekara goma, Kanada shekara biyar.

Akwai kuma masu sayar da takardar ɗaukar aiki. Doka ba ta yarda a sayar wa ma'aikaci wannan takarda ba, amma a shekarun da aikin kula da tsofaffi ke tashe mutane sun biya dubban fam, suka isa suka tarar kamfanin ba shi da aikin ba su, ko an soke lasisinsa. Wanda hakan ta same shi kwana 60 ake ba shi ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar, da shi da duk wanda ya zo a ƙarƙashinsa.

To wa zai iya, wa ba zai iya ba?

Masu goyon bayan tafiya na da hujja mai ƙarfi. Suna cewa ba don kansu suke yi ba, don yara ne: makaranta mai kyau, asibiti, wutar da ba ta ɗaukewa, hanyar da za ka bi da dare ba fargaba. Suna cewa shekara biyu ko uku na farko ne masu ɗaci, kuma fam ɗari biyu da za ka iya turowa gida ya fi albashin wani darakta. Ga malamar jinya da ke karɓar abin da bai kai fam ɗari da hamsin ba a asibitin jiha, wannan magana ba a ture ta da wa'azin kishin ƙasa.

Masu cewa a zauna su ma ba tsoro kawai ke magana ba. Miliyan talatin jari ne a Kantin Kwari ko Dawanau. Dokokin can kuma na sauyawa ana tsakiyar tafiya: a Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana shirin mayar da wa'adin samun zama na dindindin daga shekara biyar zuwa goma ga yawancin baƙi, wanda ke nufin ƙarin sabunta biza da ƙarin harajin lafiya ga kowane kai a gidan. Ga kuma tarbiyya, wadda ba ta shiga kalkuleta amma ita ke hana iyaye da yawa barci.

A ganina, magidanci mai albashin dubu ɗari biyu ko uku, wanda ba ma'aikacin lafiya ba, ba shi da tallafin karatu irin na PTDF ko Commonwealth, ba shi kuma da wata kadara da zai sayar ya rage da wata, ba zai iya kwashe iyalinsa a tashi ɗaya ba. Abin da yakan yiwu shi ne ɗaya ya fara tafiya. Wannan ma yana da farashi, kuma mace ce ke biyan mafi yawansa: ta koma gidan iyayenta ko na surukai da yara, ba ita ba ce mai aure sosai ba, ba kuma bazawara ba, tana jiran ranar da ba wanda ya isa ya yanka mata. Gida biyu ake riƙewa a lokacin, haya a can, cefane a nan, ga tarin kuɗin ɗauko su.

Akwai kuma wani juyi da gidajen Hausawa da yawa ba su shirya masa ba. Tunda ƙofar lafiya ce mai sauƙi, sau da yawa matar ce ke da makulli, ita ce malamar jinya ko ungozoma. Ita za a ba biza, maigida ya bi ta a matsayin wanda ke ƙarƙashinta. Zai iya yin kusan kowane aiki ya samu, amma izinin zamansa a jikin nata yake, kuma da yake ita ce ba za ta iya ajiye aiki ba, shi ne zai tsara nasa lokacin ya dace da kai yara makaranta da ɗauko su. In aikinta ya tsaya, na kowa ya tsaya. In auren ya mutu, doka ta ce a sanar da ma'aikatar cikin gida, a gajarta bizarsa, sai ya nemi wata da sunansa ko ya dawo.